Me ya sa kwamfutar asibiti take ƙin katinka? Bayani kan sabon tsarin biyan kuɗin inshorar lafiya a Gana

Ga abin da muka tattauna a filinmu na kiwon lafiya. Mun rubuta shi ne domin wanda shirin ya wuce shi yana daji da dabbobi, ko yana bisa hanya da kaya, ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa.

Maganar ta taso daga wani ƙorafi da aka saba ji a zango da tasha da kara. Mutum ya sauke albasarsa a Kumasi, ko ya kai shanu kasuwar Tulaku a Ashaiman, zazzaɓi ya kama shi ko ya kama ɗansa. Ya tafi asibiti da katin inshorar lafiya a aljihu, ya miƙa. Ma'aikaciya ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, ta ɗago kai ta ce: "Baba, ba ta karɓa ba." Shi ke nan, sai rai ya ɓaci. Wani ya ce wulaƙanci ne don an ga baƙo, wani ya ce dabara ce ta karɓar kuɗi. To, ba mu ce ba a yin haka ba. Amma sau da yawa abin da ke faruwa daban ne, kuma idan ka fahimce shi za ka iya kare kanka tun kafin ciwo ya zo.

Asibiti bashi yake ba ka

Bari mu fara daga tushe. A da, a Gana, sai ka biya kafin a duba ka, tsarin da mutanen can suke kira kash an kari. A shekarar 2003, zamanin Shugaba John Kufuor, aka yi dokar da ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, aka kuma sake dokar a 2012. Hukumar da ke riƙe da asusun ita ce NHIA. Mafi yawan kuɗin asusun daga haraji yake fitowa, kashi 2.5 cikin 100 da ake ɗorawa kan kayan saye da ayyuka, da wani kaso daga gudummawar fansho ta ma'aikata, sai kuma abin da jama'a ke biya duk shekara. Ka ga ke nan, ko sabulu ka saya a kanti mai biyan haraji, ka zuba wani abu a ciki.

Ranar da ka je asibiti da kati, aka duba ka, aka ba ka magani, ka fita ba ka biya ba, kada ka ɗauka kyauta aka yi maka. Bashi asibitin ya bayar, kuma ba kai zai bi ba, hukumar zai bi. Kai da ka san kara, ka san yadda ake yi: dillali ya sallama sa, mahauci ya ja ya tafi, kuɗi sai bayan kwana biyu. Abin da ke tsaya wa mai sa shi ne shaida, wane ne ya saya, nawa aka yi ciniki, gaban wa. Haka asibiti yake. A kan kowane majinyaci sai ya rubuta takardar neman biya: wane ne ya zo, yaushe, me ke damunsa, me aka yi masa, wane magani aka ba shi, nawa ne kuɗin. Idan takardar nan ta yi daidai, a biya shi. Idan ta karkace, a rage kuɗin ko a hana shi baki ɗaya, alhali maganin ka riga ka shanye.

Daga kwali zuwa waya

Shekaru da yawa da hannu ake cike waɗannan takardu. Ƙarshen wata ma'aikata su tara su, su ɗaure, su zuba a kwalaye, a sa a mota a kai ofis. Daga baya hukumar ta buɗe manyan cibiyoyin tantancewa a Akra da Kumasi da Tamale da Kef Kwas, inda ake bin takardun ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙiyasta da kanka: asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani dubbai, kowanne da ɗaruruwa ko dubban takardu duk wata. Wani rubutun likita ba ya karantuwa, wata takardar ta ɓace a hanya, wata an rubuta ta sau biyu, wata kuma ta mutumin da bai taɓa taka asibitin ba. Sai biya ya riƙa daɗewa wata da watanni, asibitoci suna kuka, masu kawo musu magani suna kuka.

Shi ya sa hukumar ta juya ga karɓar takardun ta hanyar kwamfuta. Ta fitar da wata manhaja mai suna CLAIM-it, wadda asibiti zai sa a kwamfutarsa ya riƙa shigar da bayanan majinyata, ko da babu intanet a lokacin, daga baya ya aika. Manyan asibitocin da suke da manhajarsu ta ajiye bayani da lissafin kuɗi tun da can, su kuma dole su gyara tasu, ta riƙa fitar da takardun a irin tsarin da kwamfutar hukuma take ganewa. Hausawa sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wannan gyara shi ne ainihin zancenmu na yau.

Kwamfuta ba ta jin suna, lamba take ji

Mutum mai tantance takarda yana da uzuri. Ya ga an rubuta "zazzaɓi", ya ga an ba da maganin cizon sauro, ya gane abin da ake nufi, ya wuce. Kwamfuta ba ta da wannan. Kamar makiyayi ne da ya zo neman saniyarsa a garken da ba nasa ba: ba a tambayarsa kyanta, shaidar da ke jikinta ake tambaya. To kowace takardar neman biya tana tafiya da shaidu iri huɗu.

Ta farko, lambar cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ya ba kowace cuta lambarta, ana kiransa ICD-10. A cikinsa zazzaɓin cizon sauro yana tsakanin B50 da B54, hawan jini I10, taifot A01.0. Har cututtukan da suka fi shafar ku makiyaya suna ciki: bakkale, wadda mutum ke ɗauka daga ɗanyen nono ko wajen taimaka wa saniya haihuwa, ita ce A23, saran maciji kuwa T63.0. Lambar ɗaya ce ko a Tamale ko a Maraɗi ko a Garwa.

Ta biyu, lambar aiki. Tun 2008 Gana take biyan asibitoci da wani tsari da ake kira G-DRG. Ma'anarsa, ba a lissafa auduga daban, allura daban, ganin likita daban. An haɗa kowane irin aiki an yanke masa kuɗi guda, kamar yadda ake cinikin albasa da buhu ba da ƙwaya ba. Ganin likita a koma gida yana da lambarsa, kwanciya da tata, haihuwa da tata, fiɗa da tata. Kuma a nan ka saurara da kyau: lambar babba daban take da ta yaro, iyakar kuwa shekara 12 ce. Mai 12 zuwa sama lambarsa tana ƙarewa da harafin A, wanda bai kai ba tana ƙarewa da C. Kuɗin aikin kuma yana bambanta gwargwadon matsayin asibitin, na ƙauye daban, na gunduma daban, babban asibitin koyarwa daban.

Ta uku, lambar magani. Hukumar tana da jerin magungunan da take biya, kowanne da lambarsa da farashinsa. Ƙwaya daban, na ruwa daban, allura daban, ko da sunan maganin ɗaya ne. An kuma ƙayyade wane mataki na asibiti ne ke da izinin rubuta wane magani. Wanda aka keɓe wa babban asibiti, idan ƙaramin ɗakin shan magani ya bayar, ba za a biya shi ba.

Ta huɗu, shaidar cewa lalle ka zo. Idan ka miƙa kati, ma'aikaci yana tambayar kwamfutar hukuma, ta na'ura ko ta waya, ko rajistarka tana da rai. Idan tana da rai, sai a ba shi wata lamba ta wannan zuwan naka, da ake kira CCC, wadda zai maƙala a takardar neman biya. Wannan ita ce gaɓar da ake cewa "ba ta karɓa ba".

Abin da masu gyaran manhaja suke fama da shi

Kila ka ce, to ai sai a zuba lambobin a kwamfuta a huta. Ɗan uwa, aikin ya fi haka. A tsohuwar manhajar asibiti, likita yana rubuta sunan cuta yadda ya ga dama. Wani ya rubuta cikakke, wani ya taƙaita, wani ya yi kuskuren harafi. Mai gyara sai ya zauna da likitoci da masu ba da magani, su bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, su haɗa kowanne da lambarsa. Haka kantin magani: duk abin da ke kan kanta sai an haɗa shi da lambar da ke jerin hukuma, a kuma daidaita yadda ake ƙirga shi, da ƙwaya ne ko da kwalba. Wanda ya taɓa sayen hatsi da tiya ya je sayarwa a inda ake awo da mudu ya san asarar da ke cikin rashin daidaita ma'auni.

Sannan sai a koya wa manhajar ta riƙa tsayar da kuskure tun a ƙofa. Idan an bar gurbin ranar haihuwa babu komai, ta ƙi wucewa. Idan an sa wa namiji lambar awon ciki, ta ƙi. Idan an sa wa ɗan shekara 7 lambar babba, ta ƙi. Idan ranar sallama ta riga ranar kwanciya, ta ƙi. Wannan taurin kan nata da ke ba ka haushi a layi, shi ne ke hana takardar dawowa bayan wata uku, lokacin da kai ka riga ka tsallaka Paga ka yi arewa, babu mai samunka a gyara.

Akwai kuma maganar farashi. Duk lokacin da hukumar ta sake kuɗin aiki ko na magani, takan sa ranar da sabon zai fara. Manhaja sai ta riƙe tsoho da sabo tare, ta san wanda aka duba kafin ranar a yi masa lissafi da tsoho, wanda ya zo bayanta da sabo. Asibitin da bai sabunta tasa ba, ko dai ya riƙa neman ƙasa da haƙƙinsa, ko takardunsa su riƙa dawowa.

Bayan duk wannan, sai a tattara takardun wata guda a zuba su cikin wani tsarin rubutu na kwamfuta da ake kira XML, inda kowane bayani yake da gurbinsa da ba ya canzawa, kamar takardar kwastan da aka ware inda za ka sa lambar mota da inda za ka sa yawan buhu. A gwada aikawa, a ga abin da ya dawo, a gyara, a sake gwadawa. A koyar da ma'aikata. A tanadi abin yi ranar da wuta ta ɗauke ko sabis ya tafi, domin majinyaci ba zai jira sabis ba.

Kada ka ɗauka wahalar ta ƙasashenmu ce kaɗai. Amurka, da duk arzikinta, sai da ta ɗage ranar komawa ICD-10 fiye da sau ɗaya kafin ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015, domin lambobin cututtuka da likitocinta ke amfani da su sun tashi daga wajen 14,000 zuwa wajen 68,000. Kuma abin bai ƙare ba: sabon kundi, ICD-11, ya fara aiki a hukumance tun Janairun 2022, ƙasashe suna komawa kansa sannu a hankali. Wato gyaran manhaja ba aikin rana ɗaya ba ne, kamar gyaran rijiya ne, duk shekara sai an yashe.

Ina ruwanka da wannan duka?

Ruwanka babba ne. Asibitin da takardunsa suke dawowa, kuɗinsa ba ya shigowa. Wanda kuɗinsa bai shigo ba, ba zai biya mai kawo masa magani ba. Mai kawo magani ya tsayar da mota, kanta ta bushe. Ranar da ka kawo matarka tana naƙuda ko ɗanka yana jijjiga, sai a miƙo maka 'yar takarda a ce je ka saya a waje. Ka ga kuskuren da aka yi a kan lamba wata huɗu da suka wuce, a aljihunka ya sauka.

Kuma rabin bayanin da ke cikin takardar nan daga bakinka da katinka yake fitowa. Lambar cuta da ta magani aikin asibiti ne. Amma wane ne kai, shekararka nawa, rajistarka tana da rai ko ta mutu, wannan naka ne. Ga abubuwan da muke roƙon ku kiyaye.

Na ɗaya, sabunta rajista duk shekara. Katin da ke hannunka zai iya zama sabo fil, amma rajistar ta mutu. Tun Disambar 2018 ana sabuntawa ta waya: ka danna *929# a layin Gana, ka bi tambayoyin, ka biya da kuɗin da ke asusun wayarka. A nan ma za ka iya duba ranar da rajistar za ta ƙare. Ka mai da shi al'ada: kafin ka kora dabbobi mashekari, ko kafin ka ɗaura kaya, ka duba naka da na iyali. Wanda ya bari ta daɗe da mutuwa, ko da ya sabunta, ana iya sa shi jiran wata guda kafin katin ya soma aiki, kamar sabon shiga. Ciwo kuwa ba ya jiran wata.

Na biyu, suna ɗaya a ko'ina. Mu mutanen iyaka mun san halinmu. Mutum ɗaya Abubakar ne a gida, Bukari a Bawku, Boubacar a takardar Faransanci. Usman ya zama Osman, ya zama Ousmane. A wurin mutane duk kai ne, a wurin kwamfuta mutum uku ne. Yanzu da ake haɗa rajistar inshora da katin shaida na ƙasa, wato Ghana Card, bambancin suna ko na ranar haihuwa yana iya tsayar da haɗin, yana kuma iya sa a buɗe maka fayil biyu a asibiti ɗaya. Ka sa wanda ya iya karatu ya jera katunanka ya duba. In akwai saɓani, ka je ofishin hukuma na gunduma tun kana lafiya.

Na uku, ranar haihuwar yara. Da yawanmu da damina muke lissafi, ko da shekarar da aka yi kaza. Babu laifi. Amma ranar da aka rubuta wa yaro a rajista, ka riƙe ta, kada yau ka ce 10 gobe ka ce 13. Ka tuna iyakar nan ta shekara 12. Ka tuna kuma 'yan ƙasa da 18, da masu 70 zuwa sama, an ɗauke musu kuɗin shekara, sai ɗan kuɗin aikin kati. Mata masu ciki kuma tun 2008 ake kula da su kyauta a ƙarƙashin tsarin. Ke 'yar uwa, da kin tabbatar da ciki ki je a yi miki rajista, kada ki bari sai ranar haihuwa.

Na huɗu, kada a ara kati. Mun san zumunci, ƙaninka ba shi da lafiya, naka yana da rai, kuna kama. Amma ban da cewa laifi ne, akwai haɗari. Duk abin da aka gano a jikinsa a fayil ɗinka za a rubuta. Wata rana a kawo ka ba ka cikin hayyacinka, likita ya buɗe fayil ya yi aiki da tarihin wani.

Na biyar, bi mataki. Tsarin yana son a fara daga ƙaramin asibiti, su tura ka babba da takarda idan abin ya fi ƙarfinsu, sai fa in lamarin gaggawa ne. Takardar turawar nan ka adana ta kamar takardar allurar shanu.

Na shida, idan aka ce ka biya, ka tambaya cikin ladabi: "Wannan ba ya cikin inshora ne, ko kuwa babu shi ne a nan?" Ba kowane magani ko aiki ne tsarin ya ɗauka ba, wannan gaskiya ne. Amma abin da yake ciki, hukumar ta sha nanata cewa bai halatta a karɓi ƙarin kuɗi a kansa ba. Duk abin da ka biya, ka karɓi rasit. Da shi za ka kai ƙara ofishin gunduma, ba da fatar baki ba.

Ga waɗanda ke tsallaka iyaka

Dokar Gana ta ce inshorar ta mazauna ƙasar ce, ba ta 'yan ƙasa kaɗai ba. Idan kana zaune can da takardunka, kana da damar yin rajista. Idan wucewa kake yi kawai, ka ware kuɗin magani a cikin guzuri. Kuma ka sani katin Gana iyakarsa Gana, ba ya aiki a Wagadugu ko Yamai ko Sakkwato.

Su ma sauran ƙasashen kowace da nata tsarin, amma duk bisa wannan bashi suke tafiya. Nijar tun 2006 take duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, gidan likita ya yi aiki ya bi gwamnati kuɗinsa, kuma kowa ya san yadda jinkirin biya ya sha barin kantuna babu magani. Burkina Faso ta fara irin wannan ga mata masu ciki da ƙananan yara a 2016. Najeriya ta yi doka a 2022 da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Duk inda asibiti zai yi aiki yau a biya shi gobe, takardar neman biya ce igiyar da ke riƙe da shi, kuma ko'ina igiyar nan kwamfuta take komawa.

Saboda haka idan ma'aikaciya ta tsayar da kai tana neman a maimaita suna, tana neman ranar haihuwa, ka yi haƙuri ka ba ta amsa daidai. Ba raina ka ta yi ba, tana neman a biya kuɗin maganin da za a ba wanda zai zo bayanka ne, kila ma ɗanka.

Mu dakata nan. Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba, a ruga da mashaya da tasha. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya tsare hanya, ya raya dabbobi. Sai mun sake saduwa, mu kwana lafiya.